Ɓarawo a Hannun Makashi: Yadda Finafinan Birtaniya Ke Haɗa Fashi da Jini da Dariya

A fim ɗin Botched na 2007, wani ɓarawo mai suna Ritchie ya ɓarar da lu'ulu'un da ubangidansa ya tura shi ya sato, sai aka ba shi dama ta ƙarshe. Aka ce ya tafi Mosko, ya hau wani dogon bene, ya ɗauko wani tsohon gicciye mai tsada. Ya kuwa ɗauko. Suna saukowa sai lif ta tsaya cak a hawa na 13, da shi da abokan aikinsa biyu da wasu bayin Allah da tsautsayi ya haɗa su a ciki. Ɓarayin suka ɗauka 'yan sanda ne suka tare hanya, don haka suka yi garkuwa da mutanen, suka shiga ciniki da wanda suke zaton jami'in hukuma ne. Har suka amince za su saki mutum ɗaya don a ga suna da niyyar sulhu. Mutumin bai kai ko'ina ba aka fille masa kai a gaban idonsu. Ashe babu ɗan sanda ko ɗaya a wajen. Abin da ke hawa na 13 wani mahaukaci ne da ke iƙirarin shi jinin Ivan ne, sarkin Rasha na ƙarni na 16 da tarihi ya sani da rashin imani, kuma ya cika wurin da tarkuna yana farautar duk wanda ya shigo.

Daga nan fim ɗin ya tashi daga labarin sata ya koma labarin kisan ɗauki ɗai-ɗai, irin wanda makashi ɗaya ke bin jama'a da wuƙa ko gatari har sai saura mutum ɗaya ko biyu. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa na Amurka shi ne ana son mai kallo ya yi ta dariya tun daga farko har ƙarshe. Tsakanin 2006 da 2012 an yi irin waɗannan finafinai da dama a Birtaniya da Ailan, wasu sun yi suna, da yawa an manta da su. Mutane kan ɗauka cewa dabara ce kawai ta haɗa kasuwa biyu a faifai ɗaya, wato masu son 'yan fashi da masu son jini. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ni a ganina ɓangaren laifin yana yin wani aiki da ya fi talla muhimmanci, kuma yadda darakta ya riƙe shi ne ke raba fim mai kyau da tarkace.

Duk marubucin fim ɗin kisan ɗauki ɗai-ɗai yana fama da tambayoyi guda biyu da mai kallo ke jefa masa. Me ya kai waɗannan mutane wannan kangon? Kuma me ya hana su kiran 'yan sanda? Finafinan Amurka na wajejen 1980 sun saba amsawa da cewa matasa ne suka fita shaƙatawa, mota ta lalace, an yanke layin tarho. Da wayar hannu ta cika duniya sai aka koma cewa babu sabis, har abin ya zama abin ba'a. Ɓarawo kuwa ba ya buƙatar a ƙirƙira masa uzuri. Shi da ƙafarsa ya nemi gidan da babu maƙwabta, shi ya zaɓi tsakar dare, shi ya ɓoye wa iyalinsa inda za shi. In abu ya rincaɓe ba zai kira hukuma ba, domin jakar kuɗin sata na hannunsa, ko kuma akwai wadda ya ɗaure a ɗaki. Tarkon da zai faɗa shi ya gina shi da hannunsa tun kafin makashi ya bayyana.

Aiki na biyu ya fi wannan zurfi. Ba kasafai mutum ke iya dariya ba in aka datse ƙafar yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Amma in wanda aka datse ɗin shi ne ɗazu yake zare ido yana nuna wa mutane bindiga, sai zuciya ta samu sassauci, ta ce ai gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Laifin da suka yi a rabin farko shi ne lasisin da aka ba mai kallo ya yi dariya a rabin ƙarshe. Sai dai lasisin yana da iyaka. In ɓarayin mugaye ne na gaske, babu wanda zai damu da su, kuma inda babu damuwa babu tsoro. Shi ya sa kusan kullum za ka tarar da su wawaye ne, ko matsorata, ko waɗanda talauci ya tura, suna da laifin da ya isa a mare su amma bai kai a yanka su ba. A wannan tazara da ke tsakanin abin da suka cancanta da abin da ya same su ne dariya da tausayi ke cakuɗuwa.

Babu inda aka fi ganin haka kamar The Cottage na 2008, wanda Paul Andrew Williams ya rubuta kuma ya ba da umarni. Wa da ƙane ne, David da Peter. Andy Serkis ne David, ɗan tasha mai saurin fushi da ya gaji da rayuwar da yake ciki. Reece Shearsmith ne Peter, magidanci mai tabarau wanda matarsa ke juya shi yadda ta ga dama, ga shi da mugun tsoron malam-buɗe-littafin dare, irin masu zagaya fitila. Sun sace Tracey, agolar wani uban daba, suka kai ta wani gidan ƙauye suna jiran kuɗin fansa. Tun a daren farko komai ya kwaɓe. Tracey, wadda Jennifer Ellison ta fito a matsayinta, ta fi su zafi da ashar. Tana ɗaure ta sa goshi ta fasa wa Peter hanci. Wanda aka aiko da kuɗin, wani ɗan gidan su Tracey ɗin da ke cikin ƙullin, ya iso da jaka, aka buɗe sai takardun goge hannu. Bai ma lura cewa yaran uban dabar sun biyo shi a baya ba. Ana cikin haka Tracey ta kwance kanta, ta tasa Peter a gaba da wuƙa suka shiga daji. Wanda ya zo garkuwa da mutum shi aka yi garkuwa da shi.

Kusan rabin fim ɗin haka ya tafi, babu dodo, sai rigimar 'yan'uwa kan gidan da mahaifiyarsu ta mutu ta bari. Sai da suka faɗa wata gona sannan manomin ya fito, ƙato mai fuskar da injin gona ya daddatsa, yana tara kawunan mutane a rumfa. Daga nan sai shebur da magirbi. Kafin wannan Williams ya yi London to Brighton na 2006, fim mai ɗaci kan karuwa da ƙaramar yarinya da ke gudun 'yan daba, wanda babu wargi a cikinsa ko kaɗan, don haka masu sharhi da dama sun yi mamakin ganin ya koma wannan. Amma sanin da ya yi wa duniyar masu laifi shi ya sa rabin farkon ya tsayu da ƙafarsa.

Dole a faɗi wani abu a nan. Ga mai kallo daga Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari, inda aka sayar da gona da shanu don a fanso ɗa, garkuwa da mutane ba abin wasa ba ne, kuma ba zan ga laifin wanda ya kashe fim ɗin a minti goma na farko ba. A Ingila wannan laifi ne da yawancin mutane ba su taɓa ganin wanda ya shafa ba, shi ya sa ya zama kayan barkwanci. Nisa da abu na cikin abin da ke sa a iya yi masa dariya, kuma irin waɗannan finafinai ba sa yin tasiri iri ɗaya a ko'ina.

Mutanen Birtaniya sun daɗe suna wasa da gawa. A 1827 Thomas De Quincey ya wallafa wata maƙala ta shaguɓe inda ya ɗauki kisan kai a matsayin fasahar da za a zauna a yi wa sharhi kamar zane ko waƙa. Shekara ɗaya bayan haka aka kama William Burke da William Hare a Edinburgh, waɗanda suka kashe mutum 16 suna sayar wa likita Robert Knox gawarwakin don koyar da ɗalibai, labarin da aka mayar da shi fim ɗin barkwanci a 2010, da Simon Pegg da Andy Serkis ɗin nan. Sweeney Todd, wanzamin da ke yanka masu zuwa aski ya kwashe dukiyarsu, maƙwabciyarsa kuma ta yi abincin sayarwa da namansu, ya fara fitowa ne a 1846 a 'yan mujallun kwabo-kwabo da talakawan Landan ke saye. A duk waɗannan, kisan sana'a ce. Ana yin sa ne don biyan kuɗin haya, da lissafin riba da faɗuwa, kuma wannan sanyin ran na ɗan kasuwa a gaban gawa shi ne tushen dariyar.

Amma uban gidan wannan salo a sinima shi ne The Ladykillers na 1955, daga kamfanin Ealing, wanda Alexander Mackendrick ya ba da umarni. 'Yan fashi biyar ƙarƙashin wani da ke kiran kansa Farfesa Marcus, wato Alec Guinness, suka kama haya a gidan wata tsohuwa, Misis Wilberforce, kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross. Suka ce mata su makaɗa ne, suna sa faifai a ɗaki tana jin kiɗa alhali suna kitsa fashi. Fashin ya yi nasara. Tsohuwar ta gano, ta ce sai an mayar da kuɗin mutane, tana yi musu faɗa kamar yaran da suka saci alewa. Suka yanke shawarar kashe ta, amma aka rasa wanda zai iya. A maimakon haka suka bi juna da kisa ɗaya bayan ɗaya, ana jefa gawa a taragon jiragen kaya da ke wucewa ta bayan gidan, har na ƙarshen ƙarfen ba jirgi hannu ya faɗo masa a ka. Da tsohuwar ta je ofishin 'yan sanda ba su yarda da ita ba, suka ce ta riƙe kuɗin. Babu ɗigon jini a fim ɗin, amma ƙashin bayan kisan ɗauki ɗai-ɗai yana nan cif: gida ɗaya, gungu ɗaya, ana raguwa har a ƙare. Abin lura shi ne babu wani dodo da ya shigo daga waje. Kwaɗayinsu da rashin yarda da juna ne suka cinye su.

Jinin ya biyo baya a hankali. A 1973 Vincent Price ya fito a Theatre of Blood a matsayin ɗan wasan daɓe da masu sharhi suka wulaƙanta, ya bi su yana kashewa ɗaya-ɗaya, kowanne da irin mutuwar da ke cikin wani wasa na Shakespeare. Sai kuma aka shiga shekarun kaset. Da bidiyo ya shigo gidaje babu dokar da ta tilasta tace shi, jaridu da masu fafutukar tarbiyya irin su Mary Whitehouse suka tayar da ƙura, ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin finafinan da ake iya kamawa, wanda jimillarsa ta kai 72, aka kuma yi dokar 1984 da ta sa kowane kaset sai ya bi ta hannun hukumar tace finafinai ta BBFC. Yaran da suka taso a lokacin suna musayar kasakasan da aka haramta a ɓoye su ne suka zama daraktoci bayan 2000. Hanin bai kashe sha'awar ba, ƙara mata daraja ya yi. Ga waɗannan mutane, hanjin roba da jinin bogi abubuwan ƙuruciya ne da ake tunawa da murmushi, shi ya sa suke zuba su da yawan da ya wuce hankali, har ya daina ba da tsoro ya koma wasa.

Akwai kuma lissafin kasuwa. A 1998 Guy Ritchie ya fitar da Lock, Stock and Two Smoking Barrels, sai Snatch a 2000, kowa ya ga cewa 'yan daban gabashin Landan masu baƙar magana suna kawo kuɗi. Aka yi ta kwaikwayo har mutane suka ƙosa. A 2004 Edgar Wright ya yi Shaun of the Dead da kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 6, ya tara kusan miliyan 30, sai masu zuba jari suka gane cewa ban tsoro mai dariya ma hanya ce. Wanda ke da labarin 'yan fashi da ya rasa mai saye sai ya ƙara masa makashi. Aikin kuma ba shi da tsada: gida ɗaya, daji ɗaya, 'yan wasa takwas zuwa goma da ke raguwa kullum, dare mai rufe duk wani aibin kayan aiki. Ga kuɗin cacar ƙasa da hukumar finafinai ta UK Film Council ke rabawa daga 2000 har aka rushe ta a 2011, ga rangwamen haraji na 2007, ga bikin finafinan ban tsoro na FrightFest a Landan da aka fara a 2000 inda 'yan kallo ke tafi da ihu duk lokacin da kai ya tashi, ga kasuwar DVD da ke kan ganiyarta.

Wani abin da ke ba su ɗanɗano na daban shi ne ƙarancin bindiga. Bayan kisan da aka yi wa yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, an haramta mallakar ƙananan bindigogi a 1997, kuma ɗan sandan Ingila na kan titi ba ya yawo da bindiga. A fim ɗin Amurka irin From Dusk Till Dawn na 1996, inda 'yan fashi suka faɗa mashayar masu shan jini, amsar dodo ita ce harsashi. A Ingila sai dai sandar wasan kurket, ko shebur, ko almakashin aske shuke-shuke, ko tukunyar shayi. Kisa da irin waɗannan kaya yana ɗaukar lokaci, yana da ƙazanta, mai yi yana haki yana zamewa, kuma babu yadda za a yi ya fito kamar gwarzo. In bindiga ta samu ma, yawanci tana hannun wanda bai iya ta ba. A Severance na Christopher Smith, 2006, ma'aikatan wani kamfanin sayar da makamai sun tafi hutun ƙara danƙon zumunci a dajin Hangari, wasu tsofaffin sojoji suka far musu. Da shugaban kamfanin ya ɗauko makamin roka don ya nuna isa, sai makamin ya bar maharan ya tashi sama ya kakkaɓo jirgin fasinja da ke wucewa. Kafin nan wani daga cikinsu ya taka tarkon ƙarfe, abokan aiki suka yi ta buɗewa yana kuɓuce musu yana sake datsewa har ƙafar ta cire, sannan ɗayansu ya tsaya yana kokawar cusa ta cikin ƙaramin firji don kada ta lalace. Su ba ɓarayi ba ne a idon doka, amma fim ɗin ya ɗauke su a matsayin masu laifi da taye a wuya, kuma kayan da suke sayarwa ne aka juyo musu da su.

Sai maganar aji, wato bambancin talaka da mai hali, wadda Bature ɗan Ingila ba ya iya labari ba tare da ita ba. Ɓarayin galibi talakawan birni ne, abin da ke cinye su kuma ƙauye ne ko tsohon gidan masu hali. Wani lokaci a juya. A Cockneys vs Zombies na 2012, wasu samari biyu 'yan gida ɗaya sun yi fashin banki don su hana a rushe gidan kula da tsofaffi inda kakansu yake zaune, suka fito da kuɗi suka tarar matattu sun tashi sun cika gari. Kakan shi ne Alan Ford, wanda a Snatch ya fito a uban dabar da ke ciyar da aladu da gawa, don haka ganinsa kaɗai ya isa a gane wasan da ake yi. Wurin da kowa ke tunawa shi ne inda Richard Briers, tsoho tukuf da ƙarfen dogarawa, yake "gudu" wani matacce na bin sa, dukansu suna tafiyar hawainiya, an sa musu kiɗan tsere. Fim ne mara nauyi, amma ƙarƙashinsa akwai haushin yadda masu gine-gine ke korar tsofaffin mazauna gabashin Landan, a shekarar da aka yi gasar Olamfik a unguwar.

Inda yawancinsu ke faɗuwa shi ne wajen ɗinki, wato inda aka haɗa rabin fashi da rabin jini. The Cottage, duk da ina son sa, yana da wannan ciwon. An ɓata minti arba'in ana gina mana tambayoyi: shin uban dabar zai cim musu? Wa zai ci gidan gado? Manomi na fitowa sai duk aka watsar. Ba shi da alaƙa da garkuwar, ba shi da alaƙa da kuɗin, da masu yawon buɗe ido ne suka faɗo gonarsa haka zai yi musu. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne 'yan'uwan sun ci gaba da zama 'yan'uwa har cikin jini, suna rigima suna kuma neman juna. Botched nasa ciwon ya sha bamban. Tun daga farko kowa zane ne na katun, daga mai gadin da ke ji da kansa kamar kwamandan yaƙi har matan nan masu addu'a da ɗayarsu ta rikiɗe, ga karin harshen Rasha na ƙarya a bakin 'yan wasan Ingila da Ailan. Makashin ma rawa yake yi. Ana dariya, amma ba a jin tsoron komai, kuma da an daina jin tsoro sai jinin ya zama fenti.

Waɗanda suka tsira daga wannan matsala su ne suka bi hanyar tsohuwa Wilberforce, suka bar jinin ya tsiro daga cikin laifin. Shallow Grave na 1994, fim ɗin Danny Boyle na farko, misali ne. Abokai uku masu haya tare a Edinburgh, likita da ɗan jarida da akanta, sun wayi gari sabon ɗan hayarsu ya mutu ya bar akwati cike da kuɗi. Suka yanke shawarar riƙe kuɗin su ɓatar da gawar. Aka ja ƙuri'a kan wanda zai yanke hannuwa da ƙafafu ya farfasa haƙora don kada a gane mamacin, ta faɗa kan akantan, wanda ya fi kowa sanyi a cikinsu. Wannan aikin ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya kwashe kuɗin ya koma saman silin da zama, ya huhhuda ramuka yana leƙen abokansa. Dodon fim ɗin an ƙera shi ne a gaban idonmu, da zarto, a daren da suka zaɓi kuɗi.

Sightseers na Ben Wheatley, 2012, ya kai abin wani mataki. Alice Lowe da Steve Oram, waɗanda su suka rubuta labarin, sun fito a matsayin Tina da Chris, masoya da suka ja ɗakin kwana na tirela suka tafi yawon ganin gidajen tarihi, daga na taragon lantarki a Crich har na fensir a Keswick. Mutum na farko da Chris ya take da mota laifinsa shi ne ya yar da takardar askirim a ƙasa ya ƙi ɗauka. Wani kuma, mai maganar 'yan boko, ya matsa wa Tina sai ta kwashe kashin kare, Chris ya rotsa masa kai, sannan ya kwantar mata da hankali da cewa ai wannan ba mutum ba ne, mai karanta Daily Mail ne, jaridar masu ra'ayin riƙau. Babu jakar kuɗi a nan, abin da suke sata bai wuce kare da kyamara ba. Amma an haɗe mai laifi da makashi a jiki ɗaya, don haka babu ɗinkin da zai ɓalle. Hot Fuzz na 2007 ma da wannan ya yi wasa ta wata fuska: ɗan sanda ya zauna ya ƙulla bayani mai kyau cewa kashe-kashen ƙauyen Sandford duk kan cinikin fili ne, irin dalilin da fim ɗin masu laifi ya saba bayarwa, sai ta bayyana dattawan gari ne ke kashe duk wanda zai ɓata musu damar cin gasar ƙauyen da ya fi kyau. Ɗan jaridar garin, wanda aka jefo wa dutsen hasumiyar coci a ka, laifinsa yawan kuskuren rubutu.

Ita kanta hukumar tacewa tana la'akari da yanayin da aka nuna jini a ciki, kuma barkwanci na rage masa kaifi a wurinta. Hot Fuzz, duk da kan da ya tarwatse a fili, an ba shi shaidar 'yan shekara 15, shi kuwa The Cottage sai 'yan 18. Wannan bambanci kuɗi ne, domin matasa su ne kasuwar. Ana iya cewa dariya ta zama hanyar shigo da abin da da an hana, kuma masu sukar salon ba su yi ƙarya ba in suka ce wasu daraktocin suna fakewa da wasa ne don su nuna ƙazantar da ba su da hujjar nunawa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in aka cire wurin jinin, akwai abin da labarin ya rasa? Ƙafar da ke cikin firji ta gaya mana wane ne mai ɗauke da ita, mutum ne shashasha amma mai son abokinsa. Kawuna da yawa da ke tashi a wasu finafinan ba su gaya mana komai ba sai cewa an biya mai kwalliya.

Da kasuwar DVD ta mutu, guguwar ta lafa, ko da yake ba ta ƙare ba. The Owners na 2020, inda wasu matasa suka fasa gidan wani tsohon likita da matarsa don su buɗe akwatin ƙarfe, tsofaffin suka juya musu, ya nuna har yanzu ana komawa rijiyar. Amma mafi tsaftar misalin da na sani ba a sinima yake ba. A Fabrairun 2014 tashar BBC Two ta nuna wani kashi na shirin Inside No. 9 mai suna A Quiet Night In, wanda Shearsmith da Steve Pemberton suka rubuta suka kuma fito a ciki. Ɓarayi biyu ne suka shiga gidan wani attajiri don satar wani zane da kusan fari ne fat, alhali masu gidan suna ciki suna rigimarsu. Kusan babu magana a rabin awar gaba ɗaya, sai laɓe-laɓe da rarrafe. Suka yanke zanen daga katakonsa suka maye gurbinsa da takardar goge hannu ta kicin, babu wanda ya lura. Kafin a tashi gawarwaki sun taru, wasu ta dalilinsu, wasu ta dalilin abin da ke ruɓe a cikin gidan tun kafin su zo. Wanda ya gama da su a ƙarshe wani mai tallar kayan goge-goge ne da ya ƙwanƙwasa ƙofa ɗazu yana nuna shi kurma ne, ashe shi ma zanen ya zo ɗauka, kuma shi ya san aikinsa. Ya harbe su, ya ciro abin da ke rataye a bango ya fita da shi, wato takardar kicin. Rabin awa ta ishi labarin, kuma ina zargin da yawa daga finafinan da suka ja minti casa'in abin da ke cikinsu bai fi na rabin awar ba.